Katin Ɗan Kwangilar Gini Amana Ne

A zamanin nan da wuya mutum ya sauke tifar yashi a bakin filinsa, a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, rana ta faɗi ba a miƙa masa kati ba. Kafin leburori su gama jere bulo sai wani ya tsaya da mota, ya yi sallama, ya sa hannu aljihu ya fito da 'yar takarda mai ƙyalli wadda ba ta cika tafin hannu ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ana bukatar mai aiki, ga lambata." Mai fili ya karɓa ya juya ta, ya ga hoton bene ya tokare sama, ga suna da ruwan zinariya, ga kalmomin Turanci sun yi jerin gwano. Sau da yawa daga wannan 'yar takarda ciniki yake tashi, kuɗin da mutum ya shekara ashirin yana tarawa su koma hannun wanda jiya bai san shi ba.

Saboda haka maganar tsara katin ɗan kwangilar gini ta wuce maganar ado. Wanda ya sayi yadi bisa ga tallan ƙarya ya yi hasarar kuɗin riga. Wanda ya ba da gini bisa ga katin ƙarya kuwa, iyalinsa ne za su kwana ƙarƙashin abin da aka gina. Ma'aunin kati mai kyau guda ne: duk abin da aka rubuta a kansa ya zama ana iya bin sawunsa a tabbatar. Abin da ba ya tabbatuwa, kome kyansa ga ido, fitarsa daga katin ta fi zamansa.

A da magini ba ya bukatar kati. A biranen ƙasar Hausa gini sana'ar gado ce, magina suna da gidajensu sanannu, suna da Sarkin Magina bisansu wanda ya san gwanin kowane aiki, ya kuma san mai ha'inci. Wanda zai ta da soro sai ya tambayi maƙwabcinsa wa ya ɗaura masa bakan gizo, a nuna masa gidan. In damina ta zo azara ta lanƙwashe, ya san ƙofar da zai yi sallama, ya san dattijon da zai kai wa ƙara. Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, ba da takarda aka san shi ba. Ginshiƙai da bakunan da ya ɗaura da ƙasa da azara su ne shaidarsa, har yau masana gini suna zuwa duban abin da ya wanzu daga aikinsa. A ƙasar Nijar kuma, Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara ginin masallacin garinsu a 1962, aikin hannunsa ya jawo wa masallacin kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Waɗannan mutane bangonsu ne yake magana a madadinsu.

To, yanzu garuruwa sun buɗe, unguwanni sun miƙe har sun cinye gonaki, baƙo ne yake ciniki da baƙo. Ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki zuwa wani gari, da bazawarar da ta sami gadonta tana so ta gina ɗakunan haya, da ɗan kasuwar da yake zaune Makka ko Kumasi yana aiko da kuɗi gida, ba su da Sarkin Magina da za su tambaya. Katin nan shi ne ya hau gurbin shaidar maƙwabci da ta mai unguwa. Tun da ya hau gurbinsu, wajibi ne ya yi aikinsu, watau ya amsa tambayoyi huɗu da duk mai hankali yake yi kafin ya saki kuɗinsa: wane ne wannan mutum, ina ake samunsa, me ya iya, wa ya shaide shi?

Mai karatu ya zazzage aljihunsa ya duba katunan da aka tara masa, ya ga ko nawa ne suka amsa waɗannan tambayoyi. Galibinsu abin da zai tarar iri ɗaya ne. Ga jerin laƙabi ya fi sunan tsawo, Alhaji, Dakta, Injiniya, Shugaba. Ƙarƙashinsa ga jerin sana'o'i: gini, da titi, da rijiyar burtsatse, da shigo da kaya daga ƙetare, da sayar da fili, da kawo kayan asibiti, da sauran abin da hali ya yi. Gefe guda ga hoton Burj Khalifa na Dubai, benen da aka buɗe a 2010 mai tsawon mita 828, a katin mutumin da bai taɓa ɗora hawa na biyu ba. Wurin adireshi kuwa sai a ga sunan gari kaɗai, ko lambar wani shago da aka tashi daga cikinsa bara. Irin wannan ɗan kwangila ofishinsa yana cikin jakarsa. Ranar da bango ya tsage aka nemi shi, sai waya ta ce a sake kira an jima.

Mafi nauyi cikin waɗannan aibobi shi ne laƙabin Injiniya. Jama'a sun mai da shi kirari, duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe tef sai a ce da shi Injiniya, shi kuwa ya amsa, har ya kai wa mai ɗab'i a buga masa. Alhali kuwa a dokar Nijeriya wannan laƙabi yana da masu shi. Tun 1970 aka kafa majalisar COREN domin rajistar injiniyoyi da lura da aikinsu, kuma laifi ne ga wanda ba ya cikin rajistarta ya nuna kansa a matsayin injiniya mai rajista. Masu zanen gini suna da tasu majalisa, ARCON, tun 1969. Masu ƙididdigar kaya da kuɗin gini sun sami tasu a 1986, magina masu ilmin zamani kuma suka sami CORBON a 1989. Kowane ɗayansu da aikinsa: wani ya zana, wani ya yi lissafin ƙarfin ginin, wani ya ƙiyasta kuɗi, wani ya tsaya bisa aikin har a gama.

Dalilin wannan rabo ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba dakin. Ginin kankare lissafi ne. Akwai inda rodi mai milimita 12 ya isa, akwai inda sai mai 16, akwai adadin da za a sa da tazarar da za a bari tsakaninsu. Haɗin da aka fi sani na kankare, awo ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, ba kowane wuri ya dace da shi ba, kuma in aka ja buhu guda mai kilo 50 ya yi aikin buhu biyu, ido ba ya ganewa bayan an yi filasta an shafa fenti. Kankare kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, mai gaggawa ya cire katako ya ɗora kaya tun bai nuna ba. Mai gida ba shi da hanyar sanin waɗannan abubuwa. Laƙabin da ya gani a kati shi ya dogara da shi, ya sakankance akwai wanda ya yi lissafi.

Sakamakon kuskure a wannan aiki kowa ya ji labarinsa. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Agusta na 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut cikin Kano ya faɗi a tsakiyar kasuwar waya. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a Jos ya rufta ɗalibai suna ciki, aka rasa rai 22. Ba a ce kati ne ya ka da waɗannan gine-gine ba. Kowanne da sanadinsa, bincikensa kuwa na hukuma ne. Abin da suke tunatarwa shi ne gini sana'a ce da ake biyan kuskurenta da rai. Wanda ya ari laƙabin da ba nasa ba a irin wannan sana'a ya yi wasa da abin da ba a wasa da shi.

Ba aibi ba ne ɗan kwangila ya zama ba injiniya ba. Da yawa daga cikin nagartattunsu 'yan kasuwa ne masu jari da iya riƙon ma'aikata, suna ɗaukar masu ilmin aikin su biya su. Irin wannan mutum ya rubuta matsayinsa na gaskiya, Manajan Darakta ko Mai Kamfani, ya isa. In yana da injiniya mai rajista da yake aiki tare da shi, ya buga wa injiniyan nasa katin da sunansa da lambar rajistarsa, a miƙa biyun tare. Wannan ya fi ƙara masa daraja bisa laƙabin aro, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka zauna gaban ma'aikatan hukumar tsara birni, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, za a nemi hatimin mai rajista, kati ba zai tsaya masa ba.

To, me ya kamata a rubuta? Na fari, sunan kamfani yadda yake a takardar rajista, ba ragi ba ƙari, da lambarsa. Hukumar rajistar kamfanoni ta tarayya, CAC, wadda aka kafa a 1990, tana ba kamfani lamba mai farawa da RC, tana ba mai sunan kasuwanci lamba mai farawa da BN. Dokar kamfanoni, wadda aka sabunta a 2020, ta wajabta wa kamfani ya sa sunansa da lambarsa a ƙofar ofishinsa da wasiƙunsa da tallace-tallacensa da rasit ɗinsa. Wanda doka ta ce ya sa lamba a rasit, ba shi da hujjar ɓoye ta a kati. Amfaninta kuwa a fili yake: duk mai wayar da ke shiga intanet yana iya neman sunan a shafin hukumar, ya ga ko akwai kamfanin, ya ga ko yana raye. Sai dai a lura, rajistar kamfani shaida ce cewa kamfanin akwai shi, ba shaidar iya gini ba ce. Shaidar iyawa tana wurin majalisun da aka ambata da kuma aikin da aka riga aka yi.

Na biyu, sunan mai katin da matsayinsa, a taƙaice. Na uku, aikin da ya ƙware a kai, kada ya wuce layi biyu ko uku. Mai ginin gidajen zama ya ce gidajen zama. Mai kwalbati da magudanar ruwa ya faɗi haka. Mai rufi da ɗaurin ƙarfe ya tsaya nan. Waɗansu suna tsoron in sun taƙaita za su rasa ciniki. Ba su lura ba cewa mai neman wanda zai rufa masa ɗakin taro, in ya zube kati goma gabansa, wanda ya ce rufi ne aikinsa shi zai fara kira, ya bar masu cewa sun iya kome. Ba a tauna taura biyu, balle goma.

Na huɗu, adireshin da ƙafa za ta iya zuwa. Sunan titi, da lambar gida, da unguwa, sa'an nan a ƙara da alama irin wadda mutanen ƙasar nan suke kwatance da ita, daura da tashar mota, ko bayan asibiti, domin tituna da yawa ba su da allon suna. Wanda ba shi da ofis ya sa yadin da yake ajiye kayan aikinsa, ko wurin da yake buga bulo. Babu kunya cikin ƙaramin wuri, abin kunya shi ne wurin da babu shi. Na biyar, lambar waya, ɗaya ko biyu. Kati mai lamba biyar alama ce ta mutumin da ba ya zama kan layi guda. A zaɓi layin da za a riƙe shekara da shekaru, gama layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfanin waya yakan karɓe ya sayar wa wani, mai gida ya kira bayan shekara biyu ya ji muryar mai sayar da kifi. A raba lambobin nan 11 gida uku domin ido ya kama su. Mai hulɗa da mutanen Maraɗi ko Damagaram ko masu aiko da kuɗi daga ƙetare ya rubuta da +234 a gaba, ya yar da sifirin farko, yadda za ta shiga daga kowace ƙasa.

Bayan an daidaita abin da za a faɗa, sai a dubi jikin katin, domin shi ma yana da ƙa'ida. Katin ɗan kwangila ba a ofis mai sanyi yake rayuwa ba. A rana ake miƙa shi, da hannu mai ƙurar siminti, a jefa shi aljihun riga tare da goro da makulli, gumi ya jiƙa shi. Takarda mai laushi ba ta kwana uku a wannan hali. A nemi mai kauri, wadda masu ɗab'i suke auna nauyinta da giram 300 zuwa 350. Girmansa kuma kada ya fita daga wanda aka saba, watau kimanin milimita 85 a tsawo da 55 a faɗi, kusan daidai da katin banki, domin ya shiga walat ya zauna. Wanda ya yi nasa babba, ko ya yanka shi siffar bulo ko cebur don a ce ya yi dabara, ya yi wa kansa, gama abin da bai shiga walat ba kwandon shara yake shiga.

Rubutu ya zama baƙi ko mai duhu bisa fari ko mai haske. Ruwan zinariya bisa baƙin kati yana da kyau a fuskar kwamfuta, amma a tsakar rana ƙyalli yake yi ya kashe ido, masu kuɗin gini kuwa galibinsu dattawa ne da suka fara neman tabarau. Haruffa su zama miƙaƙƙu, ba masu lanƙwasa da jela ba, iri ɗaya ko biyu, kada ƙanƙantarsu ta kai sai an matso da kati bakin hanci. Launi biyu sun isa. Tambarin kamfani ya zama ƙarami mai sauƙi, wanda za a iya maimaita shi a allon wurin aiki da ƙofar mota da kan rasit, mutum ya gan shi ya gane. A kuma sani launin da ake gani a kwamfuta na haske ne, na takarda kuwa na tawada huɗu ne da ake haɗawa, saboda haka shuɗin da aka zaɓa yakan fito dabam. Mai hankali yakan ce a buga masa guda ɗaya ya gani tukuna, ya karanta kowane harafi, ya kira lambar da ke jiki da wayarsa, kana ya ba da izinin buga ɗari biyar. Rubutu kuma ya nisanci baki da kamar milimita 3, kada wuƙar yanka ta cinye lambar ƙarshe.

Bayan katin a bar fili, kada a lulluɓe shi da leda mai santsi. Ɗan kwangila kullum yana bukatar inda zai rubuta ranar da zai dawo, ko adadin bulo, ko kuɗin tifa, biro kuwa ba ya kama santsi. Katin da aka rubuta alkawari a bayansa ba a yar da shi. In ana son hoto, ya zama na aikin da mai katin ya yi da kansa, wanda in an ce a je a gani zai shiga gaba. Masu son zamani suna iya sa ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya, wanda aka ƙago a Japan a 1994, ya kai mutum ga hotunan ayyukansu ko taswirar ofis. Yana da amfani, amma ƙari ne. Kada a dogara da shi a bar adireshi, domin ba kowace waya ce take karanta shi ba.

Sai maganar harshe. Abin mamaki ne a ga mutum yana neman aiki wurin Hausawa, da Hausa zai yi ciniki, da Hausa zai yi rantsuwa, amma katinsa babu kalmar Hausa ko ɗaya. Kati fuska biyu gare shi. Ɗaya ta ɗauki Turanci saboda ofisoshi, ɗaya ta ɗauki sunan da aikin da adireshin da Hausa. Mai ciniki da 'yan kasuwar da karatun allo suka yi ya ƙara layi guda da ajami. Takardun Naira 200 da 500 da 1000 sun sami wurin da suka sa ajami, kati ma ba zai rasa ba. Sai dai a tsaya kan mai ɗab'i ya sa haruffa masu lanƙwasa yadda suke. Ɗan kwangilar da ya so ya ce ya ƙware wajen rufi, in aka bar masa lanƙwasar nan a baya, sai katinsa ya shaida wa duniya cewa shi kware rufi yake yi, aikin da iskar farkon damina take yi kyauta.

Ƙaramin magini fa, wanda ba shi da kamfani, birkila ko kafinta ko mai ɗaurin rodi? Shi ma kati ya halatta gare shi, nasa ma ya fi sauƙin gaskiya. Ya rubuta sunansa, da sana'arsa da sunanta na ainihi, da unguwarsu, da wayarsa. In ya ga dama ya ƙara sunan maigidan da ya koya masa aiki, da izininsa, ko ƙungiyar masu sana'ar da yake ciki, gama wannan shi ne kwatankwacin shaidar Sarkin Magina a yau. Kalmar Birkila ba ta rage kowa ba. Mai gidan da yake neman wanda zai ja masa katanga birkila yake nema, in ya ga Injiniya a kati sai ya yi tsammanin tsada ya wuce.

Wani zai ce, ai maƙaryaci ma yana iya buga lambar ƙarya da adireshin ƙarya, me kati ya tsare? Gaskiya ne yana iyawa. Amma akwai bambanci tsakanin ƙaryar da ake iya kamawa da wadda ba ta da wurin kamu. Wanda ya rubuta cewa shi ne gwanin gwanaye, ba wanda zai iya ƙaryata shi, domin bai faɗi kome ba. Wanda ya rubuta lambar rajista da sunan titi ya ba da wuyansa, cikin sa'a guda ana iya gane gaskiyarsa. Shi ya sa mai ha'inci yake gudun ƙididdigaggen zance, ya fake da kirari. In nagartattun 'yan kwangila suka mai da sa lamba al'adarsu, katin da ba shi da ita zai riƙa tona kansa da kansa.

Wani kuma zai ce zamanin kati ya wuce, yanzu lamba ake karɓa a waya, a aika hotuna ta WhatsApp. Lalle waya ta rage wa kati aiki, amma ba ta kashe shi ba. Waya takan ɓace, takan lalace, sunan da aka ajiye a cikinta sau da yawa Mai Gini ne kawai, ba kamfani ba adireshi. Kati kuwa yakan zauna cikin jakar takardun fili tare da rasit da zanen gida, ranar da mai gida ya kwanta dama magadansa su same shi. Kuma ƙa'idar da aka faɗa ba ta takarda kaɗai ba ce: abin da ya wajaba a kati shi ya wajaba a allon wurin aiki da shafin intanet.

Nauyin bai tsaya kan ɗan kwangila kaɗai ba. Mai karɓar kati ya sani kati ƙofa ce, ba ɗaki ba ne. Ya bincika lambar. Ya taka da ƙafarsa zuwa adireshin ba tare da ya yi sanarwa ba. Ya ce a nuna masa gini biyu da aka gama, waɗanda damina biyu ko uku ta bi ta kansu, ya keɓe da masu su ya tambaye su, gama gani ya kori ji. Ya lura ko suna guda ne a kati da rasit da asusun bankin da aka ce ya zuba kuɗi. In kati ya ce kamfani, asusu ya ce sunan wani mutum dabam, to, ya dakata. Sa'an nan kome daɗin baki kada ya saki kuɗi sai da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, a biya kashi-kashi bisa ga inda aiki ya kai. Ɗan kwangilar kirki ba ya fushi da wannan bincike, murna yake yi, domin shi ne yake raba shi da waɗanda suke ɓata wa sana'arsa suna.

Masu ɗab'i kuma, da samarin da suke zaune gaban kwamfuta suna tsara waɗannan katuna, suna da rabonsu. Mai sassaƙa hatimi na kirki ba ya yi wa kowa hatimin alkali don an biya shi. Haka ya kamata mai tsara kati, in an ce ya sa Injiniya, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, a ba ni lambar rajistar in sa ta ƙarƙashin sunan, ta fi kyau." Mai ita zai bayar da farin ciki, marar ita zai ce a bar laƙabin. Da wannan 'yar tambaya yaro ya tsare mutuncin shagonsa, wataƙila ya tsare ran wani da bai sani ba. Ƙungiyoyin 'yan kwangila da na magina su ma ya kamata su fitar wa 'ya'yansu tsari guda, su ce duk mai ɗauke da sunan ƙungiya ga abin da tilas ya bayyana a katinsa.

Kuɗin buga kati mai gaskiya da na mai ƙarya ɗaya ne a wurin mai ɗab'i. Bambancinsu sai bayan damina ta sauka yake fitowa, ranar da mai gida ya buɗe jakar takardunsa yana neman wanda ya yi masa aiki. In ya kira aka amsa, ya je adireshin ya tarar da mutum, to, katin ya yi abin da aka buga shi dominsa, kuma wannan mai gida shi zai miƙa shi ga ɗan'uwansa ranar da shi ma ya sauke yashi. Allah ya ba masu sana'a ikon riƙon amana, ya tsare jama'a daga ginin ha'inci. Tamat.